A Ƙidaya Motocin Uba

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, kun san azabar cunkoson motoci. A 1977 gwamnatin Ikko ta raba ranakun fita bisa lambar mota, sai masu hali suka sayi ta biyu. Yau injiniyoyi kan zuba adadin motoci cikin kwamfuta, su jarraba dabara kafin a kashe ko kwabo.

Amma na'ura ba ta san motar da ba a ƙidaya ba. To, a gida fa? Titin da ya raba garin Uba biyu, sashe Adamawa, sashe Barno, wa zai ƙidaya motocinsa? Kada kowace jiha ta bar wa 'yar'uwarta. Lalle ƙungiyoyinku su matsa wa hukuma, gama ba a rabo da wanda ba ya cikin lissafi.