Madarar Gwangwani Ba Ta Kai Nonon Uwa Ba

Tun a shekarar 1981 ne babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a, da raba ta kyauta ga masu jego, da manna hotunan ɓul-ɓul ɗin jarirai a jikin gwangwani. Ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ma ta kafa tata dokar, mai lamba 41, a 1990, aka kuma yi mata gyara a 1999.

Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba suke shan nonon uwa zalla. Wani rahoto kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 kan ƙasashe takwas, har da Nijeriya, ya nuna kamfanoni suna bi ta wayar hannu da ta bakin ma'aikatan asibiti su kai ga iyaye mata. Doka tana takarda, talla kuwa tana cikin ɗaki.

Illar abin a fili take. Gwangwani ɗaya ba ya kai jariri ko'ina, ga shi da ɗan karen tsada. Idan aljihun maigida ya gaza, sai uwa ta rage gari ta ƙara ruwa don ya auku. Yaro ya sha ya cika ciki, amma yunwa na cinsa, har tamowa ta kama shi. Ga kuma ruwan rijiya ko na 'yan garuwa da ba a tafasa ba, ga bulumbotin da ƙuda ya wuni a kai. Daga nan sai gudawa, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma. A halin nan nonon uwar ma ya riga ya janye, domin tsotso ne ke kawo shi. An bar na kyauta, na kuɗin kuma ya gagara.

Ba kamfanoni kaɗai ke da laifi ba. A gidaje da yawa ana matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Kaka kan ce zafin rani ya yi yawa, a ba yaro ruwa, ba ta san cewa kusan kashi tara cikin goma na nono ruwa ne ba. Wata kuwa tana ganin riƙe bulumboti a gidan suna shi ne wayewa.

Ba muna cewa madarar gwangwani ba ta da rana ba ne. Marayan da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ko wanda ma'aikacin lafiya ya tabbatar uwarsa ba za ta iya shayarwa ba, wannan madara ce za ta cece shi, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai a kiyaye sharuɗɗa: a tafasa ruwa, a dama tun yana da zafi sannan a bari ya huce, a bi awon da ke jikin gwangwani, a shayar da ƙaramin kofi mai sauƙin wanki, abin da ya ragu kuma a zubar. Madarar shayi da nonon shanu da kunu ba abincin jariri sabon haihuwa ba ne.

Saboda haka muna kira ga hukumar NAFDAC da ta sa ido sosai a asibitoci da shagunan magani, ta hukunta duk wanda ya taka doka. Sauran jihohi su yi koyi da Kaduna, wadda ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida a 2019. Ungozoma da malaman asibiti su sa jariri a nono cikin sa'ar farko da haihuwa.

Ku kuma magidanta, kuɗin da za ku zuba a gwangwani ku sayo wa mai jego wake da gyaɗa da ƙwai da ganye, ku rage mata wahalar ɗiban ruwa da daka. Wata shida nono zalla, sannan a haɗa da abinci har shekara biyu. Rigakafi dai ya fi magani.