'Yar Mai Haƙar Kwal Ba Ta Ɓoye Ubanta Ba

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin wata mawaƙiyar Amurka mai suna Loretta Lynn, wadda ta rasu ran 4 ga Oktoba, 2022, tana da shekara 90. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Baturiya mai kaɗa jita? Ku yi haƙuri ku ji, da ruwanmu.

Irin waƙarta ita ake kira kantiri, wato waƙar mutanen karkara, irin ta su Jim Reeves da Don Williams da iyayenmu suka saba ji a rediyo. An haife ta a 1932 a wani lungu cikin duwatsu da ake kira Butcher Hollow, a jihar Kentaki. Ubanta lebura ne, kwal yake haƙa a ƙarƙashin ƙasa, aikin da ya yi kama da na mutanenmu 'yan kuza a Jos. Su takwas ya haifa, ita ce ta biyu. Ƙurar kwal ta ci masa huhu, ya rasu a 1959, bai ga ɗaukakar 'yarsa ba.

Tana da shekara 15 ta yi aure, kafin ta cika 21 ta haifi 'ya'ya huɗu. Mijin ne ya sayo mata jita ta dala 17, ta koya wa kanta kaɗawa a tsakanin girki da wanki. Da ta yi faifanta na farko a 1960, ba su da kuɗin talla. Sai suka shiga mota ita da mijin, suna bin tashoshin rediyo ɗaya bayan ɗaya suna roƙo a sa faifan, wani lokaci a motar suke kwana.

To, ga abin da ya fi burge ni. A 1970 ta riga ta shahara, tana da kuɗi, tana da sutura. Da ta so, da ta binne asalinta ba mai tambaya. Maimakon haka sai ta fito da waƙar Coal Miner's Daughter, wato 'yar mai haƙar kwal, ta bayyana wa duniya talaucin gidansu da wahalar ubanta da ta uwarta, tana alfahari da su. Wannan waƙa ita ta zama sunanta, ita ce sunan littafin tarihinta na 1976, da fim ɗin da aka yi a kansa a 1980.

Yanzu mu dawo gida. Duk ranar ziyara muna gani da idonmu. Uba ya sayar da akuya ko buhun gero, ya sha ƙurar hanya ya zo da ƙunshin ƙuli-ƙuli da garin kwaki, amma ɗansa sai ya ja shi bayan aji don kada abokai su gani. Akwai ma wanda aka tambaya wane ne wancan tsoho, ya ce wai wani mutumin garinsu ne. Haba! Kuɗin akuyar nan ne fa ya sayi farar rigar da kake taƙama da ita. Mu masu yi wa irin waɗannan iyaye dariya, laifinmu ya fi nasu, don dariyarmu suke gudu.

Wasu za su ce waƙa ai roƙo ce, ba abin koyi a ciki. Ni dai na ga mawaƙa iri biyu ne. Akwai mai bin masu kuɗi, akwai kuma irin marigayi Ɗan Maraya Jos da ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa. Loretta tana cikin kashi na biyu.

Amma ina roƙon iyayenmu kada wani ya ce, ai ga ta nan ba ta yi karatu mai zurfi ba ta yi arziki, bari in cire 'yata in aurar. Auren nan nata bai zo da sauƙi ba. Mijin mashayi ne, har a 1966 ta yi waƙa tana gargaɗin miji mai dawowa gida a buge, matan Amurka suka yi ta saye don sun ji an faɗi abin da ke cikinsu. Kuma 'yan mata nawa ne a duwatsun Kentaki suka yi aure a shekarunta, ba murya, ba jita, ba wanda ya sake jin labarinsu? Ita ɗaya muka sani.

A 1972 ta zama mace ta farko da ƙungiyar mawaƙan kantiri ta ba babbar lambarta ta shekara. A 2013 kuma Shugaba Obama ya rataya mata lambar girmamawa mafi daraja da Amurka ke ba farar hula, shekara 54 bayan rasuwar mai haƙar kwal ɗin da ya haife ta.