Ra'ayinmu: Haɗejiya da kogin da ake yi wa tsari daga nesa

Duk shekara idan watan Agusta ya raba, mutanen Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri sai su fara barci da ido ɗaya. Matasa su ɗauki shebur da buhunan yashi su nufi jinga, hukumomi su aiko da shinkafa da tabarmi da gidan sauro, manyan baƙi su zo jaje, ruwa ya janye, maganar ta mutu. An ga haka a 2018, an gani a 2020, an kuma gani a 2022. Abin da ake sake yi duk damina da sabon kuɗi ya kamata a tambayi ingancinsa.

Kafin a gina madatsun ruwa, Kogin Haɗejiya yana da lokacinsa, kuma jama'a sun gina rayuwarsu a kan wannan lokaci. Da damina ya cika ya malala cikin fadama, manomi ya shuka shinkafa. Idan ya janye, a shuka wake da sauran amfani a danshin da ya bari, masunta su kama kifi a tafkuna, makiyaya su sauko da shanu cin rani, rijiyoyi kuma su samu ruwa daga abin da ƙasa ta shanye. Fili ɗaya yana ciyar da sana'a uku a shekara, kowace da zangonta.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukkansu a Jihar Kano. Ba mai musun amfaninsu: birnin Kano na shan ruwansu, noman rani na Kadawa ya dogara da Tiga. Sai dai madatsun suna tare ruwan damina su riƙa sakinsa da rani, don haka kogin da a da yake ƙafewa ya koma mai ruwa duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kachalla ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, magudanai suka toshe. Ruwan da ya kamata ya bi Burum Gana da tsohuwar hanyar kogi ya karkata zuwa Marma ta wajen Nguru. Sakamakon shi ne wani ƙauye na nutsewa, wani na ƙishirwa, a kogi ɗaya. Ga kuma tsuntsun jan baki da ya samu mafaka a cikin kachallar, yana fitowa ya cinye gero da shinkafa.

Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin abin da fadamar Haɗejiya da Nguru ke samarwa ta noma da su da itacen girki, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na Kano ke samarwa. Sun gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Ana koyar da wannan bincike a jami'o'in waje. Da wuya a ga alamarsa a yadda ake raba ruwan kogin.

Amma ba duk laifin ne ke Tiga ba, kuma nan ne muke ganin hukumomin Jigawa ba su da wurin fakewa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙananan hukumomi ke ba da izininsu. Ke nan duk fegin da aka yanka a kwari, duk kududdufin da aka cike aka yi gini a kai, ko dai wani ya sa hannu ko kuma wani ya kau da kai. Wa ke sayen irin wannan fili? Mai ƙaramin ƙarfi, domin shi ne mai araha. Shi ne kuma zai kwana a ajin makarantar firamare da iyalinsa idan ruwa ya zo karɓar hanyarsa. Kududdufin da magabata suka bari a cikin gari, ba don rashin sanin darajar fili suka bar shi ba.

Haka batun noman rani. Muna maraba da ƙarfafa noman alkama da shinkafa a yankin, domin yana riƙe matasa a gida. To amma idan aka ba da injin ban ruwa aka nome fadama har bakin kogi ba tare da an shata burtali da mashaya ba, an shuka rigima tare da alkamar. Mutanen Guri da Kirikasamma sun san abin da rikicin manoma da makiyaya ke ci, ba labari aka ba su ba.

An yi ƙoƙari, gaskiya ne. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka amince da kafa asusun kula da shi tare da Gwamnatin Tarayya. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan da ke shiga ruwa su cire kachalla. Sai dai kachalla tana dawowa matuƙar ruwa bai ƙafe mata ba, don haka inji kaɗai aikin baban giwa ne idan yadda ake sakin ruwa daga sama bai canza ba.

Abin da muke kira a kai ba mai tsada ba ne. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta riƙa bayyana jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa tun kafin damina, a sanar da shi a rediyo da Hausa, kuma a duba yiwuwar rage sakin na wani lokaci da rani domin magudanai su bushe. Gwamnatin jiha ta fitar da taswirar hanyoyin ruwa na Haɗejiya da garuruwan kewaye, a liƙa ta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar kowane hakimi, a daina yanka fili a cikinsu. Waɗanda suka riga suka zauna a can a ba su wani wuri a tudu kusa da gonakinsu, domin an sha ganin mutum ya koma kwari saboda sabon matsugunin ya yi masa nisa da abincinsa. A teburin da ake yanke waɗannan shawarwari kuma a ba sarkin ruwa da arɗo da sarkin noma kujera. Sun san inda ruwa ya bi shekara arba'in da suka wuce, abin da ba ya cikin fayil.

Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ba ya buƙatar a yi masa bayanin kogin nan. Kasafin kuɗin baɗi zai nuna nawa aka ware wa taswira da yashe magudanai, nawa kuma aka ware wa kayan jaje.