Kafin a kunna jar fitila

Cikin wasiƙun da suka iso filin nan bayan dogon hutu akwai ta wata 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda ke karanta labarai a asambulin makarantarsu kowace Litinin. Malamin ƙungiyar 'yan jarida ya nema mata izini, ta yi mako uku tana zuwa wani gidan rediyon FM a garinsu. Burinta ta zama mai gabatar da labarai a talabijin. Ƙorafinta shi ne sau ɗaya tak aka bar ta ta zauna gaban makirufo, shi ma sanarwar cigiya ta karanta. Sauran kwanakin a ɗakin labarai ta ƙare, tana fassara, tana buga waya don tabbatar da sunaye, tana sake rubuta abin da edita ya soke. Tana tambaya ko an ɓata mata hutu ne.

A ganinmu gata aka yi mata.

Abin da muke gani daga gida shi ne kwalliya da murya mai daɗi. Amma kafin a kunna jar fitilar nan da ke nuna an shiga iska, mai karanta labarai ya riga ya bi takardarsa layi-layi da biro, kuma mai karanta na Hausa ya fi kowa buƙatar haka. Dalili kuwa, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" da muke zaune a cikinsa da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Wanda bai san inda jimlar ta dosa ba sai ya furta tukuna ya gane ya kauce, alhali dubban kunnuwa sun riga sun ji.

Ga kuma matsalar ƙugiya. Rahotanni da yawa a waya ake turo su, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, kalmomi a manne. Ku ɗauka wakili ya rubuto cewa shugaban wata ƙungiya "ya bata kudin". Ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata kuɗin? Na farko kyauta ce, na biyu zargi ne da zai iya kai gidan rediyo gaban alƙali. Murya ba ta warware wannan, sai an kira wakilin an tambaye shi.

Haka kalmomin nan biyu, "ana zargin", da ɗalibai kan ga kamar cikon magana ne. Mutumin da 'yan sanda suka kama ba ɓarawo ba ne a bakin mai labarai har sai kotu ta same shi da laifi. Haka harafi ɗaya da ke tsakanin miliyan da biliyan, wanda ke ninka kuɗi sau 1,000. Kada ku ce wannan sai manya. Idan mai labaran asambuli ta ɗauko daga WhatsApp cewa an ɗage jarrabawar WAEC ta karanta ba ta tambayi shugaban makaranta ba, akwai wanda zai ajiye littafi ya kwanta barci a kan maganarta.

Wani abu da muke yawan gani a gasar makarantu shi ne kwaikwayon murya. Yaro ya shaƙe maƙoshi, ya ja ƙarshen kowace jimla, wai shi ala dole sai ya yi irin ta wani da yake ji a rediyo. Abin yakan ba da dariya, amma mai saurare yakan tashi bai riƙe labarin ba. Ku yi magana kamar kuna ba yayarku labari a tsakar gida, sai dai a tsanake, kowane harafi ya fita.

Masu raina darasin Hausa don suna hangen aikin jarida su sake tunani. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007, ga kuma gidaje masu zaman kansu irin su Freedom Radio da ta buɗe a Kano a 2003. A irin waɗannan wurare yawancin labaran duniya da Turanci suke isowa, kuma ana son wanda zai mayar da su Hausar da manomi da mai shayi za su fahimta a ji ɗaya, domin rediyo ba shi da komawa baya kamar shafin jarida. Saboda haka harsunan biyu duka jari ne.

Batun karatu kuwa, akwai sashen koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero, wadda ke da gidan rediyonta na cikin makaranta, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da makarantar koyon aikin jarida a Yamai, wadda a da ake kira IFTIC. Ana neman kiredit biyar har da Turanci, kuma jami'o'i da dama suna son Adabin Turanci, don haka ku duba ƙa'idojin JAMB tun kafin ku yi rajistar darussa, kada ku bari sai kun kai aji uku.

Ga aikin wannan mako. Ku zaɓi labari ɗaya a jaridar nan, ku rage shi zuwa jimla huɗu gajeru, mafi muhimmanci a farko. Ku ɗauki muryarku a waya, kada ya wuce daƙiƙa 30. Sai ku kunna wa kaka ko wani dattijo a gida sau ɗaya kawai, ku roƙe shi ya maimaita muku abin da ya ji. Duk inda ya rikice, ku koma ku gyara rubutun a daidai wurin. Ku aiko mana da jimlolin huɗu tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a mako na sama.