YouTube ba malami ba ne, ku daina yaudarar yaranmu

Tun ran da na faɗi a rediyo cewa waya kaɗai ba ta koya wa yaro piyano, saƙonni ke ta shigowa. Wani ya ce ni tsohon yayi ne. Wani ya ce, "To Bombino wace lakwal ya shiga?" Madalla, bari in amsa a nan, inda lokaci ba ya kore ni.

Kwanan baya wani saurayi ya zo mini da piyanonsa mai maɓallai 61, irin wanda ake zuwa da shi gidan biki. Wata takwas yana bin bidiyo, yana ƙona kuɗin forfe. Ya kaɗa mini waƙar fim ɗin Indiya tsaf. Sai na sa masa muryar wata mai tende, na ce bi ta. Wallahi yatsunsa suka tsaya cak. Na ce ina "sol" yake? Ya yi shiru. Ya haddace hanyar yatsun wani, bai san abin da yake kaɗawa ba. Laifin ba nasa ba ne. Laifin na waɗanda suka ce masa kallo ya isa.

Mu koma ga Bombino. Gaskiya ne ya yi ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler. Amma ya zauna gaban babban makaɗi Haja Bebe, ya yi kiɗa cikin ƙungiyarsa, can ma ya samo wannan laƙabi. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, amma kunnensa cikin takamba da kiɗan biki ya girma. Ko Mamman Sani, wanda ya fitar da kaset ɗin orga a 1978, wanda kiɗansa ya daɗe yana rakiyar shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, waƙoƙin gida ya ɗora bisa na'urar Turawa. Duk cikinsu babu wanda allon waya kaɗai ya raina.

Kuma kada mu manta, marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ya buɗe makarantar kiɗa a nan Arlit. Mutumin da kaset ɗinsa suka ratsa hamada hannu zuwa hannu, shi da kansa ya ga cewa ana bukatar malami da aji. Mu ne muka fi shi sani?

Ban ce a jefar da waya ba. Intanet rijiya ce, amma sai da guga. Gugan shi ne tsari. Ga abin da nake roƙon duk mai koyar da yara ya rubuta a kaye kafin ya karɓi ko dala:

Wata uku na farko: zama, ajiye hannu, da sanin maɓallai. Sauti 12 ne ke maimaituwa, farare 7, baƙaƙe 5. A nan ne a warware wa yaro ruɗanin da ke kayar da mutane da yawa: mu da muka yi lakwal ta Faransanci do, re, mi muka sani, bidiyon Ingilishi kuma C, D, E suke cewa. C shi ne do, G shi ne sol, A shi ne la. A rubuta a manna a bango.

Wata uku na biyu: kunne da kari. Yawancin waƙoƙinmu bisa sauti biyar suke tafiya, baƙaƙen maɓallan nan biyar kuwa irin wannan tsani ne. Yaro ya saurari tende, ya tafa, ya nemo muryar da kansa. Bidiyon Faris ba zai ba shi wannan ba.

Wata uku na uku: akor, da haɗa hannu biyu. Kuma a hana shi maɓallin nan na transpose, wanda ke sa mutum ya shekara goma yana kiɗa a do kaɗai, na'ura tana rufa masa asiri.

Wata uku na ƙarshe: ya raka mawaƙi na gaske, gaban mutane.

Bidiyo fa? Malami ya zaɓi guda ɗaya a mako, ya sauke shi lokacin da rezo ke da kyau, ya raba ta kart memuwar ko Bluetooth. Minti 20 kullum sun fi awa biyar ran Lahadi. Yaron Gugaram da ba shi da kuran kullum, piyano mai batir da ɗan fano na rana sun ishe shi.

Me ya sa na damu haka? Tun da Cominak ta rufe a ƙarshen Maris 2021, kowa ya san gidajen da tukunya ta yi sanyi a Akokan. Samari nawa suka nufi wuraren haƙar zinariya, nawa suka bi hanyar Aljeriya? Kiɗa ba zai maye gurbin ma'adini ba, amma sana'a ce, ana ci da ita a biki da situdiyo. Rabin sana'a kuwa ba ta ciyar da kowa. A Yamai akwai cibiyar CFPM Taya mai horar da makaɗa. Mu da ke da nisan kilomita sama da 1000, me muka tanada?

Ina kira ga mahukuntan kwamin da gidajen matasa: ɗaki ɗaya, piyano biyu, malami ɗaya mai tsari a rubuce. Iyaye kuma, in malami ya ce zai koya wa ɗanku, ku tambaye shi me yaron zai iya bayan wata uku. In ya nuna muku waya kawai, ku riƙe kuɗinku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda bai yarda ba, layi a buɗe yake ran shiri. Ya zo da piyanonsa, ni kuma in zo da mai tende.