Tseren Mita 100: Laifin Wa Ne Idan 'Ya'yanmu Suka Ɗauki Tutar Wasu?

Duk shekarar da aka yi wasannin Olamfik, akwai wasa guda da ko mutumin da bai damu da wasanni ba yakan dakata ya kalla, wato tseren mita 100 na maza. Mutum takwas ne ke durƙusawa a kan layi, a buga bindiga, kafin ka gyara zama an gama. Wanda ya zo na ɗaya shi ake kira gwanin gudu na duniya, kuma sunan ƙasarsa ya shiga bakin jama'a har shekara huɗu. A nan gida kuwa, da zarar an gama tseren sai muhawara ta ɓarke a ɗakunan kwanan ɗalibai da teburin mai shayi: wai ina 'yan Nijeriya? Daga nan sai wani ya kawo sunan Francis Obikwelu da ire-irensa, a ce ai maciya amana ne, sun sayar da ƙasarsu saboda abin duniya. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Bari mu fara da tuna inda muka fito, domin da yawa daga cikinmu ba a haife mu ba a lokacin. A Olamfik na Basalona a 1992, cikin mutum takwas da suka kai zagayen ƙarshe na mita 100, biyu 'yan Nijeriya ne, wato Olapade Adeniken da Davidson Ezinwa. Su biyun tare da Chidi Imoh da Oluyemi Kayode suka ci lambar azurfa a gudun miƙa sanda, Amurka ce kaɗai ta riga su. Ezinwa ya sake kai zagayen ƙarshe a Atlanta a 1996. Daga nan fa sai aka ji shiru. Sai da aka yi shekara 25 kafin wani mai sanye da rigar Nijeriya ya sake tsayawa a wannan layi a Olamfik, shi ne Enoch Adegoke a Tokiyo a 2021, wanda a lokacin ɗalibi ne kamarmu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Shi ma Allah bai nufa ya ƙarasa ba, ciwon cinya ya kama shi a tsakiyar tseren.

Na ce mai sanye da rigar Nijeriya, domin a cikin waɗannan shekaru 25 an sami ɗan Nijeriya a zagayen ƙarshe, sai dai da rigar Fotugal. An haifi Obikwelu a Anacha. Ya je Lisbon a 1994 wajen gasar matasa ta duniya, yana yaro, sai ya zauna can bai dawo ba, har ya yi aikin leburan gini don ya ci abinci. Duk da haka Nijeriya ya ci gaba da yi wa gudu. Ya ciyo mata zinare biyu a gasar matasa ta duniya a 1996, ya ciyo tagulla a mita 200 a gasar duniya ta 1999 a Sifen. Kamar yadda aka ruwaito, abin da ya karya masa zuciya shi ne raunin da ya ji a gwiwa wajen Olamfik na Sidni a 2000, inda aka bar shi ya nemi magani da aljihunsa har ƙasar Kanada. A 2001 ya karɓi takardar zama ɗan Fotugal. Shekara uku bayan haka, a Olamfik na Atens, ya gama mita 100 cikin sakan 9.86, Justin Gatlin na Amurka ya riga shi da 9.85. Wannan lokaci nasa ya daɗe yana matsayin mafi sauri a tarihin nahiyar Turai, sai a 2021 aka wuce shi.

To, mai karatu, sa kanka a matsayinsa. Ɗan tsere ba shi da jari sai ƙafarsa, kuma kasuwarsa ba ta wuce shekara goma zuwa goma sha biyu ba. Idan gwiwa ta lalace yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba shi da fansho, ba shi da gona. Wanda ya yi maka gudu shekara shida yana zaune a ƙasar wasu, ka ƙi duba shi ranar da ya faɗi, da wane baki za ka kira shi maci amana? Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Olusoji Fasuba ya fi ba ni takaici, domin shi bai canja ƙasa don gudu ba. Yana cikin mutum huɗu da suka ciyo mana tagulla a gudun miƙa sanda a Atens, tare da Uchenna Emedolu da Aaron Egbele da Deji Aliu. A 2006 a birnin Doha ya yi 9.85, lokacin da ba wani ɗan Afirka da ya wuce shi sai bayan shekara goma sha biyar, da Akani Simbine na Afirka ta Kudu ya yi 9.84 a 2021, sannan Ferdinand Omanyala na Kenya ya yi 9.77 a wannan shekarar. A 2008 Fasuba ya zama zakaran duniya a tseren mita 60 da ake yi a rufaffen fili. Ina ya ƙare? A 2011 ya shiga aikin sojan ruwa na Ingila, bai ma kai shekara talatin ba. Aikin soja ba abin kunya ba ne, amma a ce mutumin da ya fi kowa gudu a nahiya guda ya ga cewa albashin ƙaramin soja a ƙasar wasu ya fi masa tabbas, wannan abin kunya ne, kuma ba nasa ba ne. Sai kuma Femi Ogunode, wanda ya koma Katar, ya yi 9.91 a 2015, ya zama mafi sauri a nahiyar Asiya a wancan lokaci.

A ganina tushen matsalar shi ne wani tunani da ya zauna mana a zuciya, cewa gudu baiwa ce kawai, a jini take, don haka ba ta buƙatar a kashe mata ko sisi. Sau da yawa za ka ji ana alfahari da cewa ai manyan 'yan tseren Jamaika da Amurka da Ingila jikokin mutanen Afirka ta Yamma ne. To, sai me? Idan jini ne ke cin tsere, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba za ta zauna tana kallon tsibirin da mutanensa ba su kai miliyan uku ba yana kwashe lambobi. Kuma Su Bingtian na ƙasar Sin, wanda ba shi da dangi a Sapele ko Anacha, ya yi 9.83 a Tokiyo a 2021.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ƙanƙantar ratar da ake rigima a kai. Tsakanin Gatlin da Obikwelu kashi ɗaya ne cikin ɗari na sakan, wato abin da bai wuce tsawon tafin hannu ba. A Faris a 2024 ma abin ya fi haka tsanani: Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk an rubuta musu 9.79, sai da aka duba hoto aka raba su da kashi biyar cikin dubu na sakan. Irin wannan rata ba a samun ta da ƙarfin tuwo. Ana samun ta ne daga yadda mutum ya toka ƙafa ya tashi, da yadda ya sunkuya a taki na farko har ya miƙe a hankali, da yadda zai riƙe saurinsa bayan mita sittin ko saba'in, domin a ƙarshen tseren kowa raguwa yake yi, wanda ya fi jinkirin raguwa shi ke ci. Ko tashin ma akwai doka a kansa. Wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya cika bayan ƙarar bindiga, an ɗauka ya yi riga malam masallaci, sai a kore shi. Usain Bolt da kansa, mai 9.58 na birnin Balin a 2009, an kore shi a zagayen ƙarshe na gasar duniya ta 2011 saboda ya tashi kafin bindiga. Duk waɗannan abubuwa koyon su ake yi shekara da shekaru, a hannun mai horarwa da ya san aikinsa, tare da likita da mai gyaran jijiya da abinci mai kyau.

Jamaika ba sihiri take yi ba. Tun 1910 suke da gasar makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake yi kowace shekara a Kinston, filin wasa ya cika maƙil don kallon yara 'yan makaranta. Yaro mai gudu ba ya ɓacewa a can, tun yana ƙarami an san shi. Bayan haka sai suka daina dogara ga jami'o'in Amurka kaɗai, masu horarwa irin su Stephen Francis da Glen Mills suka riƙe manyan 'yan tsere a gida. Francis ne ya horar da Asafa Powell, Mills ya horar da Bolt, kuma shi ne ya horar da Oblique Seville wanda ya ci gasar duniya a Tokiyo a 2025. Idan an ce Jamaika ta yi nisa, ga Botsuwana nan a nahiyarmu. Letsile Tebogo, wanda mai horar da shi ɗan ƙasarsu ne, ya ci zinare a mita 200 a Faris cikin sakan 19.46, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya taɓa cin wannan tsere a Olamfik.

Mu ma fa muna da harsashi. An fara wasannin jami'o'i na NUGA a Ibadan tun 1966, an fara gasar wasanni ta ƙasa a Legas a 1973. Amma duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san yadda gasar gidaje take. A makarantar da na yi, a filin ƙwallo ake zana layi da farin ƙasa, yara su yi gudu ba takalmi, malami ya tsaya da agogon hannu. Akwai wani yaro a ajinmu da babu mai kama ƙurarsa shekara uku a jere. Kofin roba da sabulu aka ba shi, aka tafa masa, shi ke nan. Ba wanda ya rubuta lokacinsa, ba wanda ya zo daga ko'ina ya tambayi sunansa. Lokacin da aka auna da agogon hannu ma ba shi da wata daraja a idon duniya a tseren mita 100, sai da na'urar lantarki da ma'aunin iska, domin idan iskar da ke tura mutum ta wuce mita biyu a sakan guda ba a ƙirga bajintarsa. Ke nan yaro zai iya zama gwani a jiharsu alhali babu wata takarda da za ta shaide shi.

Ba na cewa 'yan wasa ba su da nasu laifin. Divine Oduduru ya yi 9.86 a 2019, muka sa rai, sai ga shi a 2023 an dakatar da shi shekara shida saboda laifin da ya shafi ƙwayoyin ƙara kuzari. Wannan babu wanda zai kare shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma a Tokiyo a 2021 'yan wasanmu goma aka hana su shiga gasa, ba don an kama su da ƙwaya ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada kafin gasar ba. Wannan aikin ofis ne, aikin masu biro da takarda. Yaran sun yi shekaru suna shiri, suka isa har Jafan, suka dawo ba su taka fili ba. Wanda aka yi wa haka, in wata ƙasa ta yi masa tayi, me za ka ce masa?

Wasu za su ce ai yanzu an sami sauƙi, tun da jami'o'in Amurka na ɗaukar yaranmu suna horar da su kyauta. Gaskiya ne, kuma Kayinsola Ajayi, wanda ya kai zagayen ƙarshe a gasar duniya ta 2025 ya zo na shida, daga Jami'ar Auburn ya fito. Na yi murna ƙwarai da shi. Sai dai jami'ar da ta ba yaro tallafin karatu don gasarta ta ba shi, kuma babbar gasarsu a watan Yuni ake yin ta, alhali Olamfik da gasar duniya sai Agusta ko Satumba. Yaro ya yi wata biyar yana gudu kusan kowane mako, sannan mu karɓe shi a gajiye mu ce ya ciyo mana zinare. Bugu da ƙari, mutum nawa ne ke samun wannan dama? Sai wanda aka riga aka gani. Ɗan ajinmu na sakandare ba ya ciki.

Hukumar guje-guje ta duniya ta tsaurara dokar canja ƙasa tun 2018, sai mutum ya jira aƙalla shekara uku. Wasu a nan sun ji daɗin haka, suna ganin an toshe ƙofa. Ni dai ban ga abin murna ba a ce doka ce kaɗai ke riƙe mana yara. Abubuwan da za su riƙe su ba su fi ƙarfinmu ba. A ce kowace jiha tana da na'urar auna lokaci ko guda ɗaya, ana yawo da ita wajen gasar makarantu, ana ajiye sunaye da lokuta. A ce duk wanda ya ji rauni da rigar ƙasa a jikinsa akwai inshorar da za ta biya masa asibiti ba sai ya yi roƙo a jarida ba. Jami'o'inmu kuma, waɗanda su ne suka fi kusa da mu, za su iya ware gurabe kaɗan kowace shekara ga 'yan sakandare masu gudu, su sassauta musu kuɗin makaranta, su daidaita musu lokacin jarrabawa idan gasa ta zo. Za a yi Olamfik a Los Anjalis a 2028, sannan a Birisben ta Ostareliya a 2032. Yaron da zai kai shekarun tsere a 2032 yana ƙaramar sakandare ko farkon babba a yanzu, kuma a wannan zangon karatu ma za a yi gasar gidaje a makarantarsu.