Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A hutun da ya wuce wani abokina ya ja ni muka je gaida kawunsa, wani babban ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin nan da Turawa suka bari, masu manyan itatuwa da faffaɗan fili. Tun muna kan hanya abokin nan nawa yake cika mini baki, wai gidan har da tafkin ninƙaya. Ni kuwa da na koyi iyo a kududdufin bayan gari, a sace, ina tsoron bulalar mahaifina, sai na ƙagara in ga yadda na masu hali yake. Da muka gama gaisuwa muka zaga bayan gida, sai na tsaya sororo. Ruwan kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka. Gansakuka ta lulluɓe bango, ruɓaɓɓen ganyen darbejiya na yawo a sama, talibambam na ta kai da kawowa. In ban da tayil da tsanin ƙarfe, ban ga abin da ya raba shi da kududdufinmu ba. Wani dattijo mai kula da lambun gidan ya ce mana injin da ke juya ruwan ya tsaya tun kafin damina, yaran gida kuma sun girma sun watse, saboda haka mai gida ya ce a bari tukuna.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan mujallar ɗalibai da tafkin wani tsoho, alhali mu nan da bokiti muke bin layi kowace safiya? Da ruwanmu ƙwarai. Mu ne dai manyan goben da ake ta faɗa. A cikinmu akwai wanda nan da shekara ashirin zai zama darekta ko babban sakatare, kuma duk wanda ya taɓa zama hira da 'yan ajin ƙarshe, ko da samarin da ba su daɗe da kama aiki ba, ya san irin gidan da kowa ya riga ya zana a zuciyarsa: bene, da gareji mai cin mota uku, da shuɗin ruwa a bayan gida irin na Maitama da Asokoro. Ban ce buri laifi ne ba. Amma tafki kamar doki yake, ranar saye ita ce rana mai sauƙi. Kashegari ake fara neman harawa da dusa da ɗan barga. Ra'ayina shi ne, wanda bai shirya wa ɗawainiyar kullum ba kada ya haƙa, domin in tafki ya lalace ɓarnarsa ba ta tsayawa a cikin katangar mai shi.

Bari mu duba abin da ɗawainiyar ta ƙunsa. Ruwan da ke tsaye wuri ɗaya, rana na dukansa, mutane na shiga da gumi da man shafawa, tilas ne ya ɓaci sai an haɗa masa motsi da magani. Motsin aikin inji ne, wanda ke tsotso ruwan ya bi da shi ta cikin wata babbar tukunya cike da yashi, yashin ya riƙe dauɗa, ruwan ya koma tas. Ana so injin nan ya yi aiki kamar awa takwas a kowace rana, domin ruwan duka ya ratsa matatar. Awa takwas, jama'a, a ƙasar da wutar lantarki take zuwa kamar baƙuwa, ta tafi ba sallama! Watau dai sai janareta da mansa, ko faifan sola. Shi kansa yashin yakan toshe, sai an juya ruwa ya bi ta baya ya wanke shi, a zubar da wankin. Da hunturu kuwa, sa'ad da ƙura ke sauka dare da rana, wankin nan ba ya yankewa, ga kwasar ganye da raga, ga goge bango da buroshi kafin santsi ya kama.

Maganin kuma shi ne kulorin, irin wanda ake sa wa ruwan famfo. Abin da ake so ya zauna a ruwan shi ne miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Hasken rana yana cinye shi, har wanda aka zuba da hantsi a bazara yana iya ƙarewa kafin la'asar, in ba a haɗa da sinadarin da ke kare shi daga rana ba. Shi ya sa masu sani suka fi zubawa da yamma. Sa'an nan ga ma'aunin da masu kimiyya ke kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta san tushen wannan ilmi, ko da ba ta shiga aji ba. Ana so na tafki ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura, ƙarfin kulorin ya ragu, ruwa ya yi dishi-dishi, ɓawo ya kama tayil. In ya faɗi, ya ci ƙarfe, ya sa ido zafi. Ba a gane wannan da kallo. Akwai 'yar kwalba da ake ɗiban ruwan a ɗiga magani a duba launi, aikin minti biyar, sau biyu ko uku a mako. Minti biyar ɗin nan ne ake rena wa, har ruwa ya juye.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ke yin wannan sakaci. A wasannin Olamfik na 2016 a birnin Rio na ƙasar Birazil, duniya na kallo a talabijin, ruwan tafkin da ake tsalle a faɗa ya wayi gari kore, na kusa da shi ma ya bi sahu. Daga baya masu shirya wasannin suka ce an zuba wa ruwan haidurojin feroksaid ne bisa kuskure, sinadarin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, shi kuwa ya kashe kulorin ɗin. Sai da aka kwashe ruwan ɗaya daga cikinsu aka sake zuba wani. In kuskuren hannu ɗaya ya kunyata masu injiniyoyi da kuɗi irin wannan, ina ga gidan da aka bar wa yaron aike?

Koren ruwa ma da sauƙi, tun da yana gargaɗi da kansa. Wanda ya fi haɗari shi ne garau ɗin da ake yi wa kallon kitse alhali rogo ne. Mutane da yawa in suka ji warin magani ya cika wuri sai su ce lalle ruwan nan da tsabta. Ba haka ba ne. Warin nan mai hawa kai yana tashi ne in kulorin ya haɗu da gumi da fitsari, shi ne kuma ke jan ido ya yi ja. Tafkin da ake kula da shi sosai warinsa kaɗan ne. Har ila yau akwai ƙwayar cutar gudawa mai suna Cryptosporidium da takan yi fiye da mako guda da rai a cikin ruwan da maganinsa ya cika daidai. Saboda haka rabin tsabtar tafki a jikin masu shiga take: a yi wanka kafin a shiga, mai gudawa ya haƙura, ko da ɗan mai gida ne.

Yanzu mu yi lissafin da ba a son yi. Tafki matsakaici, mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 da zurfin mita ɗaya da rabi, yana cin lita 75,000. In aka auna da jarkar 'yan garuwa mai lita 25, jarka 3,000 ke nan. Ko da rabin santimita kawai iska da rana suka sha a yini, lita 250 ta tafi, watau jarka goma kowace rana, ba wanda ya sha, ba wanda ya yi alwala. A nan ne tsabta ta zama hakki. Tafkin da ake kula da shi yana iya shekaru ba a sake ruwansa ba, sai dai ciko. Wanda aka bari ya ruɓe kuwa sau da yawa sai an zubar da jarka dubu ukun nan a kwata, a sake jawo wasu daga rijiyar burtsatse, daga ƙarƙashin ƙasar da rijiyoyin maƙwabta ke sha. Da fari ya matsa wa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, har a 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, hukumar birnin ta hana cika tafkunan gida da ruwan famfo. Ban ga abin da zai hana hukumomin ruwa na biranenmu su san adadin tafkunan da ke ƙarƙashinsu ba, su kuma tilasta a riƙa rufe su da murfi don rage abin da iska ke sha.

Akwai wani mutum da ba a ambatonsa in ana hirar tafki, shi ne wanda ke yin aikin. Mai gida ba ya taɓa raga. Mai lambu ne, ko mai gadi, ko wani yaro da aka ɗauko daga ƙauye, a miƙa masa bokitin garin kulorin da galan na asid, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, takardar bayanin kuma da Turanci. Alhali in waɗannan biyun suka haɗu, iskar da ke tashi ita ce wadda aka yi yaƙi da ita a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Garin kulorin kuma yana iya kama wuta in ya haɗu da fetur ko baƙin mai, ga shi a gidajenmu ɗaki guda ake tura shi da jarkar man janareta. Ƙa'idar ba ta da wuya: kowanne a ajiye shi dabam, a busasshen wuri mai iska, garin ake zubawa cikin ruwa, ba a kwara ruwa a kan gari. Amma wa zai gaya wa yaron, in shi mai gidan bai taɓa tambaya ba? Mu da muke ƙorafi a kan hakkin ma'aikata a dandalin jami'a, a nan za a gane gaskiyarmu ranar da muka zama masu ɗaukar aiki.

Sai maganar sauro, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. A irin zafinmu, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi mako guda zuwa kwana goma ba. Da zarar inji ya tsaya, magani ya ƙare, to an buɗe masa gidan haihuwa mai faɗin murabba'in mita hamsin. A Amurka, da mutane suka kasa biyan bashin gidaje suka bar su a 2007, masu bincike sun danganta ƙaruwar zazzaɓin Yammacin Nilu a garin Bakersfield na jihar Kalifoniya da tafkunan da aka yasar, har ma'aikatan lafiya a sassan jihar suka riƙa bin gidaje suna zuba ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro. Can ke nan. Mu nan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Mai gida yana kwana a ɗaki mai raga a taga da na'urar sanyaya ɗaki. Sauron da ya ƙyanƙyashe a bayan gidansa ɗakin mai gadi yake fara shiga, sa'an nan ya ƙetare katanga.

Ga kuma yara. Ƙaramin yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, nutsewa yake yi shiru, cikin 'yan mintoci. A ruwa garau ana iya hango shi a ƙasa. A cikin miyar kuka irin wadda na gani sai a gama neman unguwa ba a duba nan ba. Tun 2003 Faransa ta yi doka cewa tafkin gida da aka haƙa a ƙasa sai da abin kariya, kamar shinge ko murfi ko ƙararrawa. A gidajenmu da 'ya'yan dangi da na maƙwabta ke shiga ba sallama, shinge mai ƙofar da ke rufe kanta ya kamata a fara sayowa kafin tayil.

Na san abin da za a ce mini: dukiyata ce, bayan gidana ne. Haka ne, ranka ya daɗe, amma ai shara ma a ƙofar gidan mutum take, duk da haka duba-gari yakan yi magana. Wani kuma zai ce, to, a kwashe ruwan mana a huta. Wannan ma ba hutu ba ne. Ramin da aka bari fanko yana iya tsagewa, yaro na iya faɗawa ya karye, da ruwan sama na farko kuma zai tara 'yar kwatar da sauro ya fi so. Wanda ƙarfinsa ya ƙare, ko yaransa suka watse kamar na kawun abokina, ba abin kunya ba ne ya zuba kifi ya mai da wurin gidan kiwo, ko ya fasa ƙasan ramin don ruwa ya riƙa tsanewa, ya cike shi da ƙasa.

Na roƙi abokina ya kai wa kawu wannan shawara, ya ce shi ba zai iya yi wa babba gyara ba, sai dai ya bi ta wajen gwaggo. Shi kuwa dattijon nan mai lambu, da na faɗa masa, ashe ya daɗe da auna wurin da ido. Ya ce in aka cike, zai fitar da kunya goma sha biyu ta tumatir, da ɗan wurin alayyafo a gefen tsani.